Kacalla a bakin tabkunan Adar: yadda ake gane ta tun ba ta cinye ruwa ba

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tawa zuwa Abalak ya san inda mota ke rage gudu a Tabalak, kilomita kusan 50 daga birni, mata na miƙo soyayyen kifi ta taga. Kifin nan daga tabkin da ke gefen hanya yake fitowa. Daga garaken bakinsa kuma ake ɗebo wani kaso na kayan miyan da ke shiga kasuwar Tawa lokacin ɗari. A shekarar 2005 aka sa tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi cikin jerin Ramsar, wato wuraren ruwa da ƙasashen duniya suka yarda a kiyaye, saboda kifi da tsuntsayen da ke zuwa musu daga nesa, har daga Turai.

In ana maganar abin da ke barazana ga tabkunanmu, rairayi ake fara ambata, kuma gaskiya ne, ƙoramu na zubo shi kowace damana. Amma akwai wata barazanar da ke zuwa tsanwa shar, har mai wucewa ya ce wuri ya yi albarka. Ita ce kacalla, wadda ma'aikatan gandun daji ke rubutawa Typha a takardunsu. Ta riga ta addabi tabkin Gidimuni a jihar Damagaram da fadamun Dallol a jihar Doso, kuma jihar Tawa ba ta tsira ba, musamman ta kudu, wajen Konni. Inda ta kafu sosai, masunci ba ya samun hanyar jefa birgi, bisashe ba sa kaiwa ga ruwa, mai garka kuma sai ya ƙara tsawon tiyo kafin injinsa ya ja.

Matsalar ita ce kacalla ba ta da wuyar kashewa tana ƙarama, amma a lokacin ne mutane ba su gane ta. Ranar da kowa ya gane ta, ta fi mutum tsawo, ta riƙe hekta da dama, sai an nemi furoje da kuɗi. A ɗaya gefen kuma akwai masu ganin duk wata doguwar ciyawa da ke tsaye cikin ruwa kacalla ce, su sa wa burgu da jema wuta, alhali waɗannan su ne abincin dabba da rufin ɗaki. Don haka sanin bambancin yana da amfani ga ɗan birni ma, wanda ke da garka a Tadis ko ƴan tumaki a gida.

Ganye, kara da zangarniya

Babbar kacalla ba ta ɓuya. Tana kai mita 3, wani lokaci har 4, a tsaye cunkus kamar an yi shinge cikin ruwa. Ganyenta dogo ne kamar ɗamara, faɗinsa bai wuce na yatsa ɗaya zuwa biyu ba, kuma duk ganyayen daga gindi suke tashi, suna rungume da juna kamar gindin albasa. Babu jijiyar tsakiya mai tauri irin ta ganyen dawa. Gefensa sumul yake, ba ya yankan hannu.

Alamar da ta fi kowace tabbas tana cikin ganyen. A yanke shi gicciye da wuƙa, a duba bakin yankan. Gefe ɗaya a shimfiɗe yake, ɗayan ya ɗan yi doro, kamar an raba kwano biyu. Cikinsa kuma ramuka ne ƙanana jere, kamar soso. In aka matsa shi tsakanin yatsu zai lotsa, ba zai karye ba. Waɗannan ramuka hanyar iska ce. Ta nan kacalla ke aika iska zuwa saiwarta da ke nutse cikin laka, inda babu abin shaƙa. Mai karatu ya riƙe wannan, don a kansa dabarar kashe ta ta dogara.

Sai karan da ke ɗauke da kai. Shi dunƙulalle ne, miƙaƙƙe, kuma ba shi da gaɓa ko ɗaya daga ƙasa har sama. Karan hatsi, na dawa, na rake, duk suna da gaɓoɓi. Na kacalla sumul yake kamar sanda.

A ƙarshen karan nan zangarniya take, ita ce ta sa wasu Hausawa ke kiran kacalla geron tsuntsu. Ta yi kama da ƙaramar zangarniyar hatsi, launin ƙasa-ƙasa, mai laushi in an shafa. In aka dube ta da kyau za a ga hawa biyu ne. Na ƙasa ya fi kauri, shi ne mace, shi ke yin iri. Na sama siriri ne, shi ne namiji, yana zubar da gari rawaya sannan ya bushe ya kakkaɓe, ya bar tsinke. Tsakanin biyun akwai ɗan fili na kara tsirara, kamar faɗin yatsa ko fiye kaɗan. Wannan fili na cikin alamun irin kacallar da muke da ita a ƙasashen zafi.

Idan zangarniyar ta nuna, sai ta fashe ta zama fari fat kamar audugar tumfafiya, iska ta kwashe. Kowane zare ɗauke yake da ƙwayar iri ɗaya wadda ido ke gani da ƙyar, kuma kai ɗaya na iya ɗaukar ƙwaya fiye da 100,000. Yaran da ke karyo ta suna busawa don wasa ba su san shuka suke yi ba. Iskar hunturu na kai wannan iri nesa, ruwa na ɗaukarsa, yana kuma maƙalewa a ƙafar tsuntsu, a kofaton saniya, a ragar masuncin da ya taso daga wani tabki ya zo wani.

Ƙaramar ita ce ke da wuya. Irin kacalla ba ya tsira cikin ruwa mai zurfi, ba ya tsira cikin inuwa. Abin da yake so shi ne laka tsirara mai danshi da rana ke duka, ko ruwan da bai wuce idon sawu ba, wato daidai abin da tabki ke bari a bakinsa yayin da yake ja da baya bayan kaka. A makonnin farko sai a ce ciyawa ce kawai, ko dashen albasa da ya ɓata hanya. A nan ma wuƙa ce ke raba gardama: ko ganyen bai fi tsinken tsintsiya da yawa ba, cikinsa soso ne. A tuge guda a duba gindin, fari ne, ganyaye rungume da juna, a shimfiɗe kamar an danne shi. A murza a sansana, babu warin albasa. In ta ɗan girma za a ga wata farar saiwa mai kauri ta fita ta gefe, tana tafiya a kwance cikin laka, da ɗan tsiro mai tsini a bakinta.

Wannan saiwa mai tafiya ita ce ainihin ƙarfin kacalla. Iri ne ke kawo ta wuri, amma saiwa ke riƙe mata shi. Tushe ɗaya na iya fitar da tsiro da dama a shekara guda, kowane tsiro ya sake tura tasa saiwar, har su saƙe ƙasan ruwa kamar tabarma. A cikinta take ajiye abinci, shi ya sa ko an yanke sama ko an ƙone, ba ta damu ba.

Ƴan gida da ake rikitawa da ita

Bakin tabki a Adar ba a taɓa raba shi da dogayen ciyayi ba, kuma yawancinsu abokan zama ne. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce a kama kara a murza tsakanin babban yatsa da manuni.

In karan ya ƙi juyawa, aka ji kusurwa uku, to dangin aya ne. A cikinsu akwai jiji da ke damun masu garka, akwai kuma gwaigwaya, babbar da ke tsayawa a ruwa marar zurfi, wadda kanta ke buɗewa kamar lema da ƴan ganyaye a ƙarƙashinsa. Gwaigwaya ce aka fi ɗauka kacalla daga nesa, amma ba ta kai ta tsawo ba, ba ta kuma da zangarniya.

Kajiji ɗan wannan dangi ne, sai dai ya saɓa musu. Karansa dunƙulalle ne, kore, kusan babu ganye, yana tsaye kamar tsinke. In ya bushe aka ja shi tsakanin yatsu za a ji ƴan tsani a ciki, ɗaki-ɗaki. Saiwarsa kuwa ba sai an faɗa wa mata ba, ita ce mai ƙamshin da ake sa wa turaren wuta. Wanda ya ƙone kajiji da sunan yaƙi da kacalla ya ƙone kuɗi.

In karan ya juya sumul amma aka ci karo da gaɓa, to ciyawa ce ta dangin hatsi. Burgu, ciyawar ruwa ba burgun rami ba, karanta na kwanciya a kan ruwa, yana da ɗan zaƙi, kuma babu abincin da shanu suka fi so a bakin ruwa. A yankin kogin Kwara har shuka ta ake yi a sayar. Gabara, inda ake samunta, ta kai kacalla tsawo, amma karanta kamar ƙaramar gora yake, mai rami da gaɓoɓi, ganyaye na fita ɗaya bayan ɗaya har sama, kanta kuma buzu-buzu kamar gashi. Jema kuwa kututture take yi wuri ɗaya, ba ta yawo. Ganyenta a naɗe yake biyu, gefensa da kaushi, kuma an fi ganinta a inda ruwa ke kwanciya da damana ya tafi da rani. Saiwarta na riƙe ƙasa, gaɓar da ke da jema ba ta saurin zaizayewa.

Bado ba ya cikin wannan rikici, tunda ganyensa a kwance yake a kan ruwa kamar faifai. Na ambace shi ne saboda yana cikin waɗanda ke fara ɓacewa in kacalla ta rufe wuri, kuma tsofaffi sun san ranar da bado ya yi wa mutane a shekarun yunwa.

Baƙuwa ce ko ƴar gida?

Sau da yawa ana cewa kacalla baƙuwa ce, wasu har su ce kawo ta aka yi daga waje. Maganar na buƙatar gyara. Irin da muke da shi yana cikin ƙasashen zafi na duniya gaba ɗaya, kuma a Afirka ya daɗe. Shaida tana cikin harshe: Hausa na da tsofaffin sunaye gare ta, shalla da geron tsuntsu, ba a kuwa raɗa wa abin da ba a sani ba suna. Da can tana zaune ne a ƴan lunguna, bakin ƙoramar da ba ta ƙafewa ko gindin maɓuɓɓuga, ana yankarta a yi tabarma da rufi, ba wanda ya ɗauke ta abokiyar gaba.

Baƙuntarta a tabki take, kuma abin da ya buɗe mata ƙofa shi ne canjin zaman ruwa. Tabkin da ke cika da damana ya ƙafe ƙaƙas da bazara, laka ta tsattsage, kacalla ba ta iya riƙe shi, saiwarta na mutuwa da ƙishi. Ruwa mai zurfi ƙwarai ma ya fi ƙarfinta, da wuya ta wuce inda ruwa ya kai mita ɗaya da rabi. Abin da take nema shi ne ruwa marar zurfi, marar gudu, da ke nan shekara zagaye, in da hali da ɗan taki a ciki.

An ga wannan ƙarara a wurare biyu. A kogin Senegal, an gama madatsar Diama a 1986 don hana ruwan gishiri na teku hawowa. Ruwan bayan madatsar ya daina hawa da sauka, ya daina gishiri, cikin ƴan shekaru kacalla ta rufe gaɓar Senegal da ta Muritaniya, ta toshe hanyoyin ruwan gonakin shinkafa. Na biyu ya fi kusa da mu: fadamar Haɗeja da Nguru a arewacin Najeriya. Bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992, ruwa ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan har da rani a rassan kogin da a da suke bushewa. Kacalla ta cika su, laka ta taru, ruwa ya rasa hanyarsa. Wasu garuruwa ambaliya ta cinye musu gonaki, wasu a ƙasa suka daina ganin ruwan gaba ɗaya. Tsuntsaye jan-baki kuma suka samu wurin kwana da ba mai iya shiga, daga nan suke tashi su faɗa wa gonakin shinkafa da hatsi.

Me ya haɗa wannan da Adar? Mu ma mun canza zaman ruwanmu, kuma da dalili mai kyau. Tun daga madatsun Ibohamane da na Konni, zuwa aikin furojen Keita da aka fara a 1984, wanda ya gina madatsu da shingayen dutse a ƙoramu, burin kowa shi ne ruwa ya tsaya ya daɗe. Ba don haka ba da noman rani bai kai inda ya kai ba. Sai dai kowace madatsa da rairayi ya fara cikewa tana komawa faffaɗan ruwa marar zurfi. Kowace hanyar zubar da ruwan gona da ba a yashe ba tana riƙe danshi da ragowar takin zamani. Tabkin da ake kukan rairayi na cike shi, shi ne kuma ke zama shimfiɗar kacalla. In ta shiga, sai ta ƙara tare laka, matattun ganyayenta su taru a ƙasa, tabkin ya ƙara cikewa. Barazanar biyu hannu ɗaya suke aiki.

A nan ne nake ganin gardamar baƙo da ɗan gida ba ta kai mu ko'ina. Dogon yaro daga Indiya ya fito, amma layukansa da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska ba wanda ke kiransu annoba. Kacalla kuwa ƴar Afirka ce, ta kuma hana ƴan Afirka ruwa. Abin dubawa shi ne halin tsiro a wurin da ya samu kansa.

Akwai dai baƙuwa ta ainihi da ya kamata a san kamanninta, ko da ba tsaye take kamar kacalla ba. Ita ce wadda ake kira jacinthe d'eau da Faransanci. Daga kogin Amazon na Kudancin Amurka ta fito, an yaɗa ta duniya ne saboda kyan furenta, kuma fiye da shekara 30 ke nan tana damun kogin Kwara a Yamai da kewaye. Wasu kainuwa suke ce mata, amma ba ita ba ce. Kainuwar da muka sani, wadda ake yi wa kirari da dashen Allah, ƙarama ce, kamar kan salati a kan ruwa, ganyenta da laushin gashi. Baƙuwar ganyenta sheƙi yake yi kamar an shafa mai, gindin kowane ganye a kumbure kamar ƙaramar gora, furenta shuɗi-shuɗi da ɗigon rawaya. In ta samu wuri tana iya ninka kanta cikin mako biyu. Tabkunan Adar ba su haɗe da kogi, saboda haka hanyar da ta fi sauƙi gare ta ita ce hannun mutum: wanda ya gan ta a Yamai ta ba shi sha'awa ya ɗauko a bokiti don ado, ko ragar da aka kawo ba a shanya ba. Duk wanda ya gan ta a wani ruwa na jihar nan, ya kwashe ta ya shanya nesa da ruwa, ya sanar da ma'aikatan gandun daji a ranar.

Yankan da ke kashewa da wanda ba ya kashewa

Abin da aka fi yi wa kacalla shi ne wuta, shi ne kuma mafi ƙarancin amfani. Wuta na cin busasshen sama, saiwa na kwance cikin laka lafiya lau. Bayan ƴan makonni sai sabon tsiro ya fito, ga toka ta zama masa taki, ga fili an share masa. Yanka a saman ruwa ma haka yake, aski ne kawai.

Yankan da ke kashewa shi ne na ƙarƙashin ruwa. Tunda ta ganye saiwa ke shaƙar iska, in aka yanke kowane tushe ƙasa da fuskar ruwa, kamar taki ɗaya ko fiye, ruwa ya rufe kututturen, to an toshe mata hanci. Za ta yi ƙoƙarin turo sabon ganye da abincin da ta ajiye. In aka sake yanke shi kafin ya daɗe a sarari, aka maimaita sau biyu ko uku, saiwar na ruɓewa. Wannan shi ne aikin da takardun furoje ke kira faucardage. Sharaɗinsa shi ne kada a bar komai a tsaye, har busassun karare, don su ma iska na bi ta cikinsu. Tsibiri ɗaya da aka tsallake zai iya ciyar da saiwar da ke kewaye da shi.

Lokaci na da muhimmanci, kuma a nan ne ayyuka da yawa ke faɗuwa. Tabkunanmu ja da baya suke yi tun daga kaka har bazara. Wanda ya yanka a watan Janairu a ruwa iya gwiwa, kafin Maris kututturen ya fito sarari ya ci gaba da numfashi, aikin ya tashi a banza. Ko dai a yanka can ƙasa a inda aka san ruwa zai daɗe, ko a jira dab da saukar damana a yanke ta ƙasa-ƙasa, ruwan da ke tafe ya haye kanta ya zauna. A kowane hali a yi kafin zangarniya ta nuna. In ta riga ta nuna, a fara karye kawunan a zuba a buhu, kada a yi ta dukansu suna tashi. Abin da aka yanka kuma a fitar da shi tudu, don in ya ruɓe cikin ruwa kifi ne zai rasa iska.

Inda ruwa ya janye gaba ɗaya, ana iya haƙe saiwar a baza ta a rana, sannan a noma wurin. Garkar da ake aiki a cikinta kowace shekara kacalla ba ta samun zama. Maganin feshi kuwa, a ruwan da mutane da bisashe ke sha, ake kuma kamun kifi a ciki, ba abin da mutum zai saya a kasuwa ya zuba da ra'ayin kansa ba ne.

Aikin ba na wasa ba ne. Mai yanka na wuni cikin ruwa, ga matsattsaku, ga macizai, ga sauro da ke samun mafaka a ruwan da kacalla ta hana motsi. Irin wannan ruwa ne kuma ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya ke so. Wanda ya yi wannan aiki ya ga jini a fitsarinsa, ya tafi likita, akwai maganinta. Duk ƙungiyar da za ta sa mutane wannan aiki, dogayen takalman roba da safar hannu na cikin haƙƙinsu, ba alfarma ba ce.

Ana yawan tambaya ko ba za a mai da ita dukiya ba. Ana iya rage asara da ita. A Rosso ta Muritaniya an yi shekaru ana sarrafa ta ta zama gawayin girki, a Senegal ana haɗa ta da laka a yi tubali da rufin da ke rage zafin ɗaki. A ƙasar da itacen wuta ke tsada kamar tamu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tabarma, zana da rufin rumfa kuwa an daɗe ana yi. Dabbobi na cin ɗanyen tsironta, amma in ta tsufa sai yunwa ta kai su. Sai dai a lura, a wuraren da aka kafa waɗannan sana'o'i, an kafa su ne bayan kacalla ta riga ta ci dubban hekta, kuma har yau ba su kore ta ba. Tabkin da bai kamu ba, babu ribar gawayin da za ta biya kifinsa da garakensa.

Ga wanda ke son duba nasa wurin, lokacin ya fara ne daga ƙarshen Oktoba, sa'ad da ruwa ya soma barin laka a baya. Wuraren da take fara sauka sanannu ne: bakin da ƙorama ke shigowa tabki ta zubar da rairayi, bayan madatsa inda ruwa ke tsatsowa, hanyoyin zubar da ruwan gona, ramukan da aka ɗebi ƙasar tubali a gefen gari, da gindin famfon da ke yoyo dare da rana. A tafi da wuƙa. In an samu ƴan tsiro masu soso a ciki, a tuge su da saiwarsu tun laka na da taushi, a jefa tudu, a koma bayan mako uku a sake dubawa. In kuwa an tarar ta riga ta yi shinge, a ɗauki hotonta da waya, da zangarniyar in akwai, a kai ofishin gandun daji na komin tare da sunan wurin da kimanin faɗin da ta ci.